Zuwan Amorim Ya Raba Gidan Kallona Biyu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon a ɗan sam mini fili a shafin wasiƙu, in amayar da abin da ya tsaya mini a rai tun ranar 1 ga Nuwamban 2024, ranar da Manchester United ta ba da sanarwar ɗaukar Ruben Amorim ɗan Fotugal, kocin ƙungiyar Sporting ta can, a matsayin sabon kocinta. Ina rubuta wasiƙar nan ne a cikin wannan watan na Nuwamban 2024, kafin wasansa na farko.

Ni mai gidan kallon ƙwallo ne a Tudun Wadan Zariya. Rumfar kwano ce mai benci goma sha huɗu da talabijin uku da janareta ɗaya, kuma da ita nake ci da iyalina tun 2011. Ni ɗan United ne tun daren nan na 1999, ina yaro ɗan shekara goma sha huɗu, na leƙa ta tagar wani maƙwabcinmu na ga Sheringham da Solskjaer sun kwashe kofin Zakarun Turai daga hannun Bayern Munich cikin mintunan ƙarin lokaci. Saboda haka abin da ya sami ƙungiyar nan wuri biyu yake taɓa ni, zuciya da aljihu. In United na ci, benci ya cika har wasu su zauna a ƙasa. In tana shan kashi, 'yan ƙungiyar ba sa zuwa, sai dai 'yan adawa masu zuwa kallon zana'ida.

Bari in fara da ranar Lahadi 27 ga Oktoba, don daga nan komai ya taso. Lokacin Arewa na cikin duhun nan na rashin wuta da muka shafe fiye da mako a ciki. Da safe na aiki yaro da galan, aka sayo litar fetur sama da naira dubu, na cika inji don wasanmu da West Ham na ƙarfe uku. Kafin hutun rabin lokaci ya ci a ce mun zura uku. Garnacho ya bugi turke. Dalot ya ɗaga ƙwallo ta kan mai tsaron raga, ya rage daga shi sai raga fayau, ya buga ta sama. Wani tela da ba ya fashin wasanmu ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, bai sake mayar da ita ba har muka fita sallar La'asar muka dawo. Summerville ya ci mu, Casemiro ya farke, sannan a ƙarshen wasa aka kira alƙali ya duba na'ura, ya ba su fenareti a kan De Ligt, Bowen ya buga ta shiga. Aka tashi 2-1. Mutane suka watse babu mai cewa uffan, ni kuma na kashe inji na tsaya ina duba sauran man da ya rage a tanki. Washegari Litinin aka sallami kocinmu Erik ten Hag, muna na 14 a teburin Firimiya da maki 11 daga wasa tara, ƙwallo takwas kacal muka ci.

Ba zan ɓoye ba, ina cikin masu cewa ya tafi. Tun da Liverpool ta zo Old Trafford ta ɗura mana uku ba ko ɗaya, Tottenham ma ta biyo baya ta yi mana haka a watan Satumba, bakina ya shiga cikin na masu cewa a kore shi. Amma da labarin ya fito, farin cikin da na zaci zan yi bai zo ba. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne watan Mayu, wata biyar kacal kafin nan, ranar da Garnacho da Mainoo suka ci Manchester City a Wembley muka ɗauki kofin FA. Ranar har benci ɗaya ya karye saboda tsalle, ban kuma ce kowa ya biya ba. Mutumin da muka yi wa kirari ranar, shi ne muka taru muna tsinewa a Oktoba. Wannan ya dame ni, kuma har yanzu yana damuna.

Da aka ambaci sunan Amorim sai gidan kallona ya rabu biyu, kuma rabuwar ta bi shekaru. Matasa, ciki har da babban ɗana mai shekara goma sha biyar, sun ɗauka an gama. Ba su yi laifi ba, don mutumin yana da abin nunawa. Sporting ta biya Braga Yuro miliyan 10 ta ɗauko shi a 2020 yana ɗanyen koci, ya ba ta kofin gasar Fotugal a 2021 bayan shekara 19 rabonta da shi, ya sake ɗauka a 2024. A ƙasar da Benfica da Porto suka mamaye kusan komai, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ga shi da ƙuruciya, shekararsa 39, sa'ana ne. Ga iya magana, ga sakin fuska.

Sai kuma daren Talata 5 ga Nuwamba ya ƙara wa wutar fetur. Ban taɓa ganin an cika gidana don kallon wata ƙungiyar Fotugal ba sai ranar. Sporting da Manchester City a gasar Zakarun Turai, wasansa na ƙarshe a gaban 'yan kallon gida. Foden ya fara ci tun da wuri, 'yan Arsenal da ke bencin baya suka soma dariya suna cewa ga sabon angonku nan. Kafin a ankara Gyokeres, ɗan wasan gaban Sporting, ya farke, aka dawo daga hutu suka ƙara biyu cikin 'yan mintuna, Haaland ya zubar da fenareti, aka tashi 4-1, uku daga ciki na Gyokeres. Yara suka fita titi suna ihu kamar mu muka ci. Ɗana ya zo ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, wallahi wannan karon mun dace." Na so in ce masa haka ne. Na kasa.

Dalilin da na kasa yana zaune a bencin gaba, gefen dama, kusa da fanka. Wani dattijo ne, tsohon malamin firamare, da ya soma bin United ta rediyo tun kafin a haife ni. Ranar da kowa ke tsalle shi bai motsa ba. Da aka watse na kawo masa ruwa na ce, "Malam, ba ka ce komai ba." Ya ce, "Me zan ce, ɗana? Wannan amarya ta shida ke nan da aka kawo gidan tun da mai gida ya tafi. Kowacce da guɗa aka shigo da ita."

Na ƙirga, haka ne. Tun da Sir Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013, an kawo David Moyes da kwantiragin shekara shida, bai cika shekara ɗaya ba. An kawo Van Gaal, ya ci kofin FA a 2016, bayan kwana biyu aka sallame shi. Mourinho ya ba mu kofin Europa a 2017, ya kai mu na biyu a 2018, kafin shekarar ta ƙare ya tafi. Sai Solskjaer, wanda shi ne ya fi ci mini rai. Na tuna daren Faris a watan Maris na 2019 da Rashford ya ci PSG da fenareti a ƙarshen wasa, muka ce ɗan gida ya dawo, ruhin Ferguson ya dawo. Na tuna kuma wasan ƙarshe da Villarreal a 2021, aka yi ta bugun fenareti har ya zo kan masu tsaron raga, De Gea ya zubar, aka tashi 11-10. Kafin ƙarshen shekarar shi ma an raka shi ƙofa. Ten Hag kuwa mun karɓe shi a 2022 da irin maganar da ake yi yau a kan Amorim, kalma da kalma: yana da tsari, yana da tarbiyya, ya san yadda ake gina matasa, ba ga abin da ya yi wa Real Madrid da yaran Ajax ba, 4-1 har gida. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma dole ya ja da baya.

Amma ni damuwata ta wuce tarihin nan. Abin da ya fi tsaya mini shi ne lokacin da aka kawo shi da kuma kayan aikin da aka miƙa masa. Amorim mutum ne mai tsari ɗaya da aka san shi da shi: 'yan baya uku, 'yan gefe biyu masu hawa da sauka tun daga farkon wasa har ƙarshe, biyu a tsakiya, uku a gaba. A Sporting shekara huɗu ya yi yana tace 'yan wasan da suka dace da wannan. Mu kuwa 'yan wasanmu an saye su ne don wani tsari daban. Da yawa ma tsoffin yaran Ten Hag ne na Ajax: Antony da aka biya sama da fam miliyan 80 a kansa, Martinez, Onana, De Ligt, Mazraoui. Ina tambayar matasan gidana, wa zai yi wannan gudun gefe? Garnacho ne zai riƙa dawowa baya yana tare? Rashford fa, ina za a ajiye shi? Casemiro a shekarunsa zai iya rufe tsakiya shi da mutum ɗaya? Shaw da ya fi dacewa da gefen hagu kullum yana jinya. Ugarte kaɗai ne ya taɓa zama a hannunsa. Ko Bruno da ya fito daga Sporting, ya baro can ne a Janairun 2020, kafin Amorim ya isa. Kuma ina Gyokeres ɗinmu? Hojlund yaro ne mai ƙoƙari, ina son sa, amma nauyin da aka ɗora masa ya fi wuyansa.

Telan nan da na ambata shi ya fi kowa fahimtar wannan. Ya ce in aka kawo maka yadin da wani ya riga ya yanka don kaftani aka ce ka ɗinka babbar riga, ko kai wane ne sai an ga gami. Kuma mai kaya ba zai ce yankan farko ne ya ɓaci ba, ɗinkinka zai zaga.

Shi kansa Amorim ya faɗa a bainar jama'a cewa ya so a bar shi ya ƙarasa kaka a Sporting sannan ya zo, aka ce masa ko yanzu ko a fasa. To a nan ne nake ganin shugabannin ƙungiyar ba su kyauta ba. Su ne suka zauna bayan kofin FA, suka yi ta jan ƙafa, har aka riƙa jin suna tuntuɓar wasu masu horarwa, sannan suka dawo suka tsawaita wa Ten Hag kwantiragi zuwa 2026, suka kashe kusan fam miliyan 200 wajen sayen 'yan wasa biyar. Wata huɗu ba su cika ba suka sallame shi, suka biya shi haƙƙinsa, suka kuma biya Sporting kuɗin sakin nata kocin. Duk wannan a shekarar da aka sallami ma'aikata kusan 250 da sunan tsimi, aka kuma soke albashin jakadancin Ferguson. In sun san zuciyarsu ba ta tare da mutumin, me ya hana su rabu da shi a watan Yuni, sabon koci ya sami hutun kaka ya horar da yaransa, ya zaɓi waɗanda za a saya? Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu zai shigo a tsakiyar ruwa, wasa kowane kwana uku ko huɗu har bayan Kirsimeti, babu filin koyar da komai.

Shi ya sa nake roƙon masu rubuta shafin wasanni na jaridarku, da masu sharhi a gidajen rediyonmu, su riƙa ɗaga kai sama kaɗan. Kullum maganar ita ce koci ya iya ko bai iya ba, ya sa wane ya ajiye wane. Ba a cika gaya wa mai sauraro cewa iyalan Glazer sun sayi ƙungiyar nan a 2005 da bashin da suka ɗora a kanta ba, kuma har yau su ne masu rinjayen hannun jari. Sir Jim Ratcliffe da ya shigo a farkon 2024 kashi ɗaya cikin huɗu da 'yan kai ya saya, aka danƙa masa harkar ƙwallon. Mun yi murna da zuwansa, amma babban hukuncin farko da mutanensa suka yanke shi ne wannan na Ten Hag, kuma sun yi shi baibai. Duk wanda ya kalli wasanmu da Arsenal a watan Mayu ya ga yadda ruwa ke kwarara daga rufin Old Trafford kamar indararo. Ni mai rumfar kwano, in rufina ya yi haka a damina ɗaya, masu kallo sun koma layi na gaba. Wannan ba aikin koci ba ne, kuma koci biyar sun zo sun tafi a ƙarƙashin rufin nan.

Akwai wani abu ƙarami da ya sosa ran manyanmu, wanda yara ba su damu da shi ba, wato tafiyar Van Nistelrooy, tsohon ɗan wasanmu da aka ba riƙon ƙwarya bayan Ten Hag. Wasa huɗu ya riƙe ƙungiyar, ya ci uku, ya yi kunnen doki ɗaya da Chelsea. Ba na cewa a ba shi aikin, mun ga ƙarshen irin wannan son zuciyar a kan Solskjaer. Na kuma yarda kowane koci yana da haƙƙin zuwa da mutanensa. Amma ganin mutumin da ya ci mana ƙwallo 150 yana ɗaga wa 'yan kallo hannu bayan wasan Leicester, washegari a ce ya tafi, sai da na ji wani abu ya tokare ni a maƙogwaro.

Kada mai karatu ya ɗauka ina adawa da Amorim. Wallahi ina son ya yi nasara fiye da yadda zan iya rubutawa. Ɗana bai taɓa ganin United ta ɗauki Firimiya da hankalinsa ba, yana ɗan shekara huɗu aka ɗauki na ƙarshe. Duk abin da ya sani na girman ƙungiyar nan labari ne daga bakina da tsofaffin bidiyo a waya. Abokansa 'yan City da Liverpool suna yi masa dariya a makaranta, shi kuwa bai canja riga ba. In na ce masa kada ya yi murna, na zalunce shi. Kuma akwai abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa: mutumin ya tarar da Sporting a cikin rikici da rarrabuwar kai, ya tsaya kan abin da ya yarda da shi har ya gyara ta. Amad ma na ga alamar zai ji daɗin hannunsa, don yaron yana da zuciyar aiki. Sai dai na san Fotugal daban, Ingila daban. Mourinho ya fito daga Porto ya girgiza Firimiya a kakarsa ta farko. Villas-Boas ma daga Porto ya fito da kofuna a hannu a 2011, Chelsea ta sallame shi kafin kaka ta ƙare. 'Yan Chelsea na gidana sun tuna mini wannan har sau uku a mako ɗaya.

Malam ya gaya mini wani abu da nake ta juyawa. Ya ce Ferguson ma a watan Nuwamba ya zo, a 1986, lokacin Amorim bai cika shekara biyu a duniya ba. Sai 1990 ya ɗauki kofinsa na farko, sai 1993 ya ɗauki gasar ƙasa. Ya ce a tsakanin nan ya sha jin ana cewa kwanansa ya ƙare. Da an bi ta masu ihu, da babu kofin Firimiya 13 da muke tinƙaho da su. Na ce masa, "Malam, zamani ya canja, yanzu ba mai jira haka." Ya ce in duba Arsenal, sau biyu Arteta yana ƙarewa na takwas ba su kore shi ba. In duba Klopp da ya zo Liverpool a 2015, bai ɗauki kofi ba sai 2019. Sannan ya tuna mini ranar ban kwanan Ferguson a Old Trafford, da ya riƙe makirufo ya ce wa magoya baya aikinsu yanzu shi ne su tsaya wa sabon koci. Ya ce, "Duk mun tafa ranar. Wa ya cika?"

Ban cika ba. Na zagi Moyes, na gaji da Van Gaal, na ce Solskjaer malamin motsa jiki ne, na ce Ten Hag ya tafi. Na san muryar mai gidan kallo a Zariya ba ta isa Manchester, amma tana isa kunnen yaran da ke zama a bencina, kuma daga wurinmu suke koyon yadda ake son ƙungiya. Saboda haka na yi wa Malam alkawari a gaban ɗana da telan nan, yanzu kuma ina maimaitawa a jaridarku don ya zama da shaidu: kwantiragin da aka ba Amorim a 2024 zuwa Yunin 2027 ne, kuma ba za a ji kalmar "a kore shi" daga bakina ba kafin ya sami cikakkiyar kaka biyu da 'yan wasan da shi ya zaɓa. Zan yi ƙorafi in an yi wasan banza, wannan kam dole. Na san za mu sha kashi a Disamba, akwai Arsenal da City a gabanmu, duk a gidajensu. Na kuma san za a yi makonnin da kuɗin ƙofa ba zai mayar da kuɗin mai ba. Na lissafa wannan, na ɗauka.

Ranar Lahadi 24 ga Nuwamban 2024 za mu je gidan Ipswich a wasan farko na Amorim, ƙarfe biyar da rabi agogonmu. Hutun rabin lokaci zai zo daidai da Magariba, saboda haka na sa an wanke tabarmi an cika butoci. Na kai inji wurin mai gyara an canja masa filogi, na kuma sa kafinta ya ɗaure bencin nan da ya karye tun watan Mayu. Ɗana ya nemi in bar shi ya rubuta allon sanarwa da kansa, ya rubuta sunan Amorim da manyan baƙaƙe har alli ya ƙare. Malam ya ce a ajiye masa wurinsa kusa da fanka, zai zo da wuri don ya ga jerin 'yan wasa kafin a take.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Mai gidan kallon ƙwallo,
Tudun Wada, Zariya.